Yadda ake zaɓen kayan haɗa kwamfutar gem a Jidda idan kuɗin ba su da yawa

A dogon hutun da ya wuce ɗan yayata ya same ni bayan sallar Isha'i da wata takarda a hannu. Wata uku ya yi yana taya wani ɗan uwanmu tsaron shago a Makka, ya tara abin da ya tara, mahaifiyarsa ta cika masa ya zama riyal 3,500. Ya ce, "Kawu, kwamfutar gem nake so, irin wadda ake haɗawa da hannu. Ga abin da wani mai shago ya rubuto mini." Na karɓa na duba. Akwati mai gilashi da fanka shida masu canza launi, na'urar sanyaya mai ruwa, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, babba. Sai can ƙasan takardar na ga katin hoto ɗan ƙarami, da fawa, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, wadda ko sunan kamfaninta ba a rubuta ba. Kyan ɗan maciji ke nan. Na ce ya ajiye takardar mu sake lissafi, kuma yadda muka bi da shi ne zan shimfiɗa a nan, don na san yaranmu da yawa a Jidda da Makka da Madina suna wannan tarin.

Mataki na farko: me za ka buga, nawa ne a hannunka

Kafin ka taka ƙofar shago, rubuta sunayen wasa uku da ka fi bugawa. Wanda wasansa EA Sports FC ne da Valorant da Counter-Strike 2 da Fortnite ba ya bukatar abin da mai buga Call of Duty ko sabbin manyan wasannin labari yake bukata. Da ɗan kuɗi irin namu, abin da za ka nufa shi ne matsakaicin kaifin hoto da ake kira 1080p, hoto yana tafiya sumul. Batun 4K ka bar shi tukuna.

Daga nan ka fara ware kuɗin allo da kibod da maus. Mutane da yawa kan ƙarar da kuɗin a cikin akwati, su dawo gida su jona a tsohuwar talabijin. Mu mun ware kusan kashi ɗaya cikin biyar don waɗannan. A cikin abin da ya rage, kusan kashi 40 cikin ɗari na katin hoto ne.

Ga wata dabara ta gane ko ana tsuga maka kuɗi. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya riyal 3.75, kuma tun Yulin 2020 harajin kaya a Saudiyya kashi 15 ne cikin ɗari. To ka nemi farashin da kamfani ya sa wa abin ranar da ya fito, ka ninka da 3.75, ka ɗora haraji. Katin da ya fito a kan dala 299 zai kama wajen riyal 1,290. Idan aka ce maka 1,700 a kan katin da ya shekara biyu a kasuwa, ka yi sallama ka leƙa shago na gaba.

Mataki na biyu: katin hoto

Masu shago a nan "kart shasha" suke ce masa, kuma shi ne ran kwamfutar gem. Shi yake zana duk abin da idonka yake gani, don haka shi ake fara zaɓa, sauran kaya su biyo bayansa.

Abu biyu za ka duba: ƙarfin katin, da yawan ma'ajiyar da ke jikinsa. Ƙasa da gigabait 8 kada ka saya, domin sabbin wasanni suna cinye ta, kuma da ta cika sai hoto ya fara tsinkewa ko da katin yana da sauran ƙarfi. A ɓangaren AMD akwai RX 6600 da ya fito a 2021, gigabait 8, yana cin wuta wat 132 kacal, har yau yana riƙe 1080p da mutunci. Ƙanensa RX 7600 na 2023 ya ɗan fi shi, yana cin wat 165. A ɓangaren Nvidia akwai RTX 3060 mai gigabait 12, da RTX 4060 mai 8 wanda wat 115 ya ishe shi, sai RTX 5060 da ya fito a 2025. Intel ma ta shigo da Arc B580 a Disambar 2024, gigabait 12 a kan dala 249. Ciniki ne mai kyau, amma yana da sharaɗi: sai madabod ɗinka, wato babban falon da ake jona duk kayan a kansa, tana da abin da ake kira Resizable BAR kuma ka kunna shi, in ba haka ba ƙarfinsa ya ragu sosai. Tsofaffin wasanni ma wani lokaci ba su cika jituwa da shi ba.

Akwai kuma waɗanda sunansu yake ruɗa yara. RTX 3050 iri biyu ne, mai gigabait 8 da mai 6, kuma mai 6 ɗin ba ma'ajiya kawai aka rage masa ba, har da ƙarfi. RX 6500 XT gigabait 4 gare shi. GT 730 da GT 1030 kuwa ba na gem ba ne, na ofis ne, ko da kwalinsu ya sha zanen dodo. Kada kalmar RTX ko girman lambar da ke kan kwali ta ja ka. Rubuta sunan katin tare da sunan wasanka a YouTube ka ga hoto nawa yake bayarwa a daƙiƙa, gani ya kori ji.

Mu RX 7600 muka ɗauka, mai fanka biyu. Kati ɗaya kamfanoni da yawa ne suke haɗa shi, irin su Sapphire da ASUS da MSI da Gigabyte, kuma bambancin gudunsu ba ya taka kara ya karya. Ƙarin kuɗin da za ka biya don fanka ta uku da fitilu a kan ƙaramin kati gara ka tara shi ka hau kati na gaba.

Mataki na uku: furosesa, madabod da RAM

Waɗannan uku tare ake zaɓensu, don dole su dace da juna. Kowace furosesa tana da irin mazaunin da take shiga, kowace madabod kuma nau'in RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, ɗaya take karɓa.

Hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce mazaunin AM4 na AMD. Ryzen 5 5600 tana da kawuna shida na aiki, tana cin wat 65, kuma da fankarta take zuwa a kwali. Madabod mai B550 ce ta fi dacewa da ita. B450 ma tana yi, sai dai tsofaffin na bukatar a sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod, kafin su gane ta, don haka ka sa mai shago ya tabbatar maka a gabanka. Hanya ta biyu Intel ce: Core i5-12400F a mazaunin LGA1700, da madabod B760 ko B660, ko H610 idan aljihu ya matse. A nan ka buɗe ido, madabod ɗin Intel na wannan zamani wasu DDR4 suke ɗauka wasu DDR5, kuma ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya.

Harafin F a ƙarshen sunan furosesar Intel yana nufin ba ta iya fitar da hoto da kanta. Ryzen 5 5600 ma haka take. Mai harafin G, wato 5600G, ita ce ke da ɗan katin hoto a ciki, kuma tana da amfani ga wanda kuɗinsa bai kai na kati ba yanzu: zai iya buga wasanni marasa nauyi kafin ya tara. Amma idan da kati za ka fara, 5600 ta fi ta a wasa.

Yaron ya tambaye ni, "Kawu, ai an ce AM4 ya tsufa, me zai hana mu hau AM5?" Gaskiyarsa. AM5 da Ryzen 5 7600 ko 7500F ya fi sabunta, kuma zai karɓi furosesoshi masu zuwa. Sai dai DDR5 kawai yake ɗauka, madabod ɗinsa ta fi tsada, kuma ƙarin daga bakin katin hoto za a cire shi. Mai riyal 5,000 ya hau AM5, ban hana shi ba. Mai 3,500 ya ƙarfafa katinsa.

RAM gigabait 16 ne mafi ƙaranci, kuma sanda biyu masu 8, ba sanda ɗaya mai 16 ba. Biyun suna buɗe hanya biyu tsakaninsu da furosesa, kuma ana jin bambancin a wasa. Ga DDR4 ka nemi mai gudun 3200. Tun ƙarshen 2025 farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi, to kada ka ƙwallafa rai a kan 32 yanzu. Ka dai zaɓi madabod mai rami huɗu don ka ƙara daga baya.

Ma'ajiya ba ta bukatar dogon bayani. SSD irin NVMe, terabait ɗaya. Tsohon faifai mai juyawa ya tashi daga aikin gem, kuma 500GB wasa uku ko huɗu manya za su cinye shi, tunda wasu kaɗai suna haura gigabait 100.

Mataki na huɗu: fawa

A nan ne nake so a saurare ni da kyau, don a nan ake yawan yi wa yara sakiyar da ba ruwa. Fawa ba ta ƙara wa wasa gudu, ba ta walƙiya, a ƙasan akwati take ɓoye, shi ya sa a kanta ake fara rage kuɗi. Amma duk wutar da ke shiga katinka da furosesarka ta cikinta take bi. Shekarun baya na haɗa wa wani maƙwabcina kwamfuta, ya kawo fawa daga wani shago an rubuta mata wat 700, nauyinta kamar kwalin biskit. Na nuna masa damuwata, ya ce a sa haka nan. Ba ta rufe wata biyar ba, wata rana da azahar ɗakin ya cika da ƙaurin roba, ta tafi da madabod. Har yau abin yana damuna, da na dage a lokacin da bai yi wannan asarar ba.

Ga irin kayan da muka lissafa, wat 550 zuwa 650 ya isa har da rara. Ka nemi ta kamfanin da aka sani, kamar Corsair ko Seasonic ko Cooler Master ko MSI, mai tambarin 80 Plus Bronze aƙalla. Tambarin nan shaidar rashin ɓarnar wuta ne kawai, ba shaidar inganci ba, don haka ka haɗa da duba tsawon garanti: wadda kamfaninta ya tsaya mata shekara biyar ta fi kwantar da rai. Ka tabbatar tana da wayar katin hoto mai rami takwas.

Wutar Saudiyya volt 230 ce, amma a tsofaffin gidajen wasu unguwanni har yanzu akan sami soket mai 127. Karanta jikin fawar: wadda aka rubuta mata 100 zuwa 240 za ta yi aiki a kowanne, wasu masu araha kuwa 200 zuwa 240 kaɗai suke ɗauka. Filoginmu mai baki uku ne irin na Ingila, kamar na Najeriya. Idan ka yi odar fawa daga waje ta zo da wata wayar daban, sayi waya mai kyau, kada ka rataya ta a kan adafta ta riyal biyar.

Mataki na biyar: akwati da iska

Wanda yake zaune a Jidda ya san zafi da gumi, na Makka da Riyad sun san zafi da ƙura. Kwamfutar gem murhu ce ƙarama, kuma da iskar ɗakin take hucewa. Akwati mai gilashi a gaba yana da kyan gani, amma ta ina iska za ta shiga? Nemi mai raga a gaba, da matatar ƙura da ake zarewa a wanke. Fanka biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa, sun wadatar. Idan masu shigarwa sun fi masu fitarwa yawa, ƙura ba ta cika kutsowa ta ƙananan kafofi ba.

Duba tsawon katin hotonka a milimita ka gwada da abin da aka rubuta akwatin yana ɗauka. Na'urar sanyaya mai ruwa kuwa furosesa mai wat 65 ba ta bukatarta. Fankar kwali tana yi. Idan ɗakin ba ya samun mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, sosai, ƙaramar hasumiyar sanyaya mai fanka ɗaya za ta sauke zafin ta rage ƙara, da kuɗi kaɗan.

Mataki na shida: allo da kayan hannu

Allo inci 24, 1080p, nau'in IPS, mai sabunta hoto sau 144 zuwa 180 a daƙiƙa, da FreeSync, fasahar da ke hana hoto yagewa. Wannan shi ne wurin da kwalliya take biyan kuɗin sabulu. Wanda ya saba da allo mai 60 ya zauna gaban mai 144, tun daga motsin maus zai ji bambanci. Inci 27 a kan 1080p hoton yakan ɗan baje idan kana zaune kusa, ni ban cika so ba.

Maus ya fi kibod muhimmanci ga mai wasan harbi. Logitech G102 mai waya ya daɗe yana yi wa masu ƙaramin ƙarfi hidima, ka haɗa masa da shimfiɗa mai faɗi. Kibod kowanne mai ƙwari zai yi a farko, ka dai zaɓi mai haruffan Larabci da na boko tunda da ita za a yi aikin makaranta. Mai buga ƙwallo hannun wasa, wato kwantirola, yake bukata: na Xbox yana aiki da Windows kai tsaye, kuma idan akwai na PlayStation a gida, manhajar wasanni ta Steam tana gane shi. Abin kunne mai waya ya fi mara waya a farashi ɗaya. Kujerar gem mai kama da ta motar tsere ka barta sai wani jiƙon.

Intanet kuma, ja waya daga rauta zuwa kwamfuta. Ko kana kan faiba ta stc ko Mobily ko Salam, wayar Cat6 ta 'yan riyal ta fi wayfai tsayuwa a wasa, musamman a gidajenmu masu katangar siminti da mutane goma a kan layi ɗaya.

Mataki na bakwai: ina za a saya

A Jidda shagunan kwamfuta sun yi yawa a titin Khalid bin Walid, a Riyad kuma akwai kasuwar kwamfuta ta Olaya. Jarir da Amazon.sa da noon suna da kyau wajen gwada farashi kafin ka fita. Da takardarka a rubuce za ka shiga, ka ce "tajmi'a", wato kwamfutar haɗi, nake so da waɗannan kaya, ka karɓi farashi a shago uku. Idan an ce babu wani abu amma ga "irinsa", ka tsaya ka bincika irin nasa a wayarka kafin ka amsa. Shafin PCPartPicker yana nuna maka idan kaya biyu ba su dace ba. Ka karɓi fatura, wato rasit, mai ɗauke da sunan kowane abu, ka tambayi damani, wato garanti, shekara nawa ne kuma wa zai karɓa idan abu ya lalace, shagon ko wakilin kamfani. Kwalaye ma kada a zubar.

Kayan da aka yi amfani da su, irin waɗanda ake tallatawa a shafin Haraj, suna rage kuɗi sosai idan ka san abin da kake yi. Furosesa da RAM da akwati da allo ba su cika ba da matsala ba. Fawa da SSD sababbi nake saye, ba na sassautawa. Katin hoto na hannu kuwa sai an gwada a gabanka: a buɗe manhajar GPU-Z ka ga sunan da ke ciki ya yi daidai da na kwali, a kunna manhajar gwaji ta FurMark ko wasa mai nauyi na minti goma sha biyar, ka sa ido a kan zafi, ka saurari fankokin, ka duba ko ɗigo-ɗigo ko layuka suna fitowa a allo. Wanda ya ƙi a gwada, ka bar masa kayansa. Ka yi hattara da tsofaffin RX 580 masu arahar banza, da yawansu sun sha aikin haƙar kirifto dare da rana. Biyan kuɗi kashi-kashi ta Tabby ko Tamara yana nan a shaguna da yawa, amma ni na hana yaron, don sauƙin biyan ne yake sa mutum ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa.

Mataki na takwas: haɗawa da kunnawar farko

Sukundireba ɗaya mai baki huɗu ta isa. A kan tebur ake yi, ba kan kafet ba, kuma ka riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin ka ɗauki kaya. Ɗora madabod a kan kwalinta ka fara sa furosesa: akwai ɗan alwatika a kusurwarta, ka daidaita shi da na mazaunin, ta zauna da kanta ba dannawa. Allurai a jikin furosesar AM4 suke, a Intel kuwa cikin mazaunin suke, kuma ko ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku. RAM a rami na biyu da na huɗu daga furosesa, sai ka ji ƙas. Sai SSD, sai fanka. Fankar kwali da man sanyayarta a shafe take zuwa, idan kuma ta daban ka saya, ka tuna ɓare ledar da ke ƙasanta. Farantin ƙarfen da ke rufe kafofin bayan madabod yana shiga akwati kafin madabod. Wayar wuta biyu ce ke zuwa madabod, babba mai 24 da ta furosesa mai 8 a sama, wadda aka fi mantawa. Katin hoto shi ne na ƙarshe, a ramin sama, da tasa wayar.

Mun gama da yaron wajen sha ɗayan dare, ya ɗauka ya tafi gida. Ban kai ga kwanciya ba sai ga waya: "Kawu, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin!" Na ce ya leƙa baya ya gaya mini inda ya soka wayar allo. A madabod ya soka. Na ce ya sauko da ita ƙasa, jikin katin hoto. Ina riƙe da wayar na ji ya yi kabbara.

Da hoto ya fito, danna Delete ka shiga BIOS. Kunna XMP, wanda wasu madabod ke kira DOCP, in ba haka ba RAM ɗinka mai 3200 zai yi ta tafiya ƙasa da gudunsa. Kunna Resizable BAR. Ka tabbatar saitin tsaro na TPM a kunne yake, fTPM a AMD, PTT a Intel, tare da Secure Boot, don Windows 11 yana bukatar TPM 2.0, Valorant ma a kansa ba ya buɗewa sai da su biyun. Windows 10 kuwa Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoban 2025. Bayan ka sa Windows, sauke direban katin daga shafin AMD ko Nvidia ko Intel, sannan ka shiga saitin allo ka ɗaga shi daga 60 zuwa iyakarsa, don ba kullum yake hawa da kansa ba.

Daren farko ka bar manhajar HWiNFO mai nuna zafi a buɗe kana wasa. Idan ka ga Ryzen 5 5600 tana zaune sama da digiri 85 a wasa, kashe ka duba zaman fankar da hanyar iska. Akwatin a kan tebur ko wani katako za ka ɗora shi, ba a ƙasa kan kafet ba, kuma ka ba shi tazara daga bango. Duk wata ka zare matatar ƙura ka wanke, ta bushe sarai kafin ka mayar. Bayan wata uku ko huɗu, ko duk ranar da guguwar ƙura ta wuce, ka cire filogi, ka buɗe gefe, ka riƙe kowace fanka da yatsa don kada ta juya, ka hure ta da abin hura iska.